Muryar Kawu a Wayar Shagonmu

Assalamu alaikum Gwaggo mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga magana, haka nake ko a baki. Ba faɗa aka yi da ni ba, ba kuma wanda ya zalunce ni. Damuwata ta taso ne daga mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a duniya, shi ya sa na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Ni ce mai ɗaga waya a shagon gyaran firiji da injin wanki na kawuna, wan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar babana, kuma bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba, har su kan yi ƙorafin cewa ni ce 'yar gaban goshi. Da na gama makaranta ina zaman jiran aiki, shi ya jawo kujera ya ajiye mini a gaban teburin shago, ya ce tunda bakina ba ya gajiya a gida, in zo in kai shi inda zai yi amfani. Teburin ƙarfe ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun katako. A bayana firiji ne jere, wasu a buɗe wasu an ciro musu ciki, ga warin mai da na walda, ga fankar sama da ke kuka tun kafin in zo shagon. A nan na koyi magana da mutumin da ransa ya ɓaci, a nan na zama mutum, kuma duk albarkacin Kawu ne.

Shekarun baya ya sa aka haɗa mana na'urar amsa kira, irin wadda idan ka buga lambar shago ba kowa kusa, ko an riga an tashi, murya za ta gaishe ka, ta gaya maka maɓallin da za ka danna, ko ta ce ka bar saƙo. Mai haɗa wayoyin ya kunna mana muryar da ta zo da na'urar, ta wata mata mai magana a tsaye kamar tana karanta labarai. Kawu ya saurara, ya yamutsa fuska, ya ce wanda firijinsa ya mutu da nama a ciki ba yanga yake so a yi masa ba, so yake ya ji muryar wanda zai zo ya duba. Ya kore mu duka waje, ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ya kulle kansa a ɗakin ajiyar kaya, ya wuni yana ɗauka yana gogewa. Da yamma ya fito yana gumi yana washe baki, ya ce mu buga mu ji. Ga abin da ke ciki, har yau ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Barka da kira. Firiji ya ƙi sanyi ne, ko injin ya ƙi juyi? Kwantar da hankalinka, abin ya zo gidan sauƙi. Idan gyara ne danna ɗaya, idan kayan gyara ne danna biyu. Idan ba ka same mu ba, bar saƙonka bayan ƙarar, za mu ji."

A tsakiya akwai ɗan gyaran murya da ya yi, muka ce ya sake ɗauka ya ƙi, wai ta haka za a san mutum ne ba inji ba. Kwastomomi suka haddace ta, har wasu idan sun shigo shago da ita suke yi masa sallama don tsokana. Tun daga ranar ya ɗora mini aikin sauraren saƙonni kowace safiya kafin a ɗaga ƙofa. Ya ce saƙon mutane amana ne, ba abin kunnawa a gaban jama'a ba, don haka lambar sirrin akwatin saƙon ni da shi kaɗai muka san ta. Ko Yaya, babban ɗansa, bai ba shi ba.

To Gwaggo, bara ne hawan jini ya kayar da Kawu a cikin shagon, yana tsugune a bayan wani firiji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, hannun ma yana motsawa sannu a hankali. Amma magana ta tafi. Ki sani fa, Kawu mutum ne da idan yana gida ba ka buƙatar rediyo, ya tsokani wannan ya ba wancan labari, ya yi wa yara waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. Yanzu sai ya wuni a kujerarsa ta bakin taga bai ce uffan ba. Idan baƙi suka zo dubiya sai dai ya gyaɗa kai. Idan ya yi ƙoƙarin furta kalma ta fito a karkace, nan take wani zai ƙarasa masa don tausayi, shi kuwa sai ya kau da kai ya ƙura wa bango ido, ba za a sake jin bakinsa ba ranar. Malamar koyar da magana a asibiti ta ba shi abubuwan da zai riƙa maimaitawa a gida, ta nuna wa Umma, matarsa, yadda za ta riƙa biya masa. Ya ƙi ƙememe. Umma ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, ta haƙura.

Ana nan, wata safiya ina sauraren saƙonni kamar kullum, tsakanin mai kukan firijinta na zubar da ruwa da mai tambayar ko mun gama masa injinsa, sai na ga lambar wayar hannun Kawu. Na kunna, ba komai sai numfashi, aka kashe. Na ce ƙila aljihu ne ya danna. Washegari ga shi kuma. Bayan 'yan kwanaki sai na ji wani sauti a cikin numfashin, kamar mutum yana tura kaya mai nauyi: "Ba... ba... bar..." Wallahi Gwaggo sai da na dafa teburin nan. A lokacin na gane abin da ke faruwa. Idan mun rufe shago da yamma, Umma kuma ta shiga kicin, sai ya buga lambar shago, ya saurari tsohuwar muryarsa tana gaisuwa, ƙarar na tashi sai ya fara biya wa kansa abin da ya ji. Wanda ya ƙi malamar asibiti, ya ƙi matarsa, ya je ya ɗauki kansa na da a matsayin malami.

Watanni ke nan ana haka, kuma ni kaɗai na sani. Na ji ranar da "barka" ta fito cikakkiya. Na ji ranar da ya haɗa ta da "kira". Ya daɗe a kan "firiji", ya daɗe ƙwarai, kalmar da ya ci abinci da ita duk rayuwarsa ita ce ta fi yi masa gardama, akwai ranar da na ji ya buga sandarsa a ƙasa don haushi. Ina zaune a teburina da abin ji a kunne, hawaye na zuba, masu gyara suna wucewa suna tambayata ko mura ce, in ce musu e. Da na je gaishe shi a gida sai in durƙusa in yi masa sannu, ya gyaɗa mini kai kamar kowa, ni ma in yi kamar ban san komai ba. A satin da ya wuce ya faɗi gaisuwar gaba ɗaya, a hankali, da tsayawa nan da can, amma tun daga "barka" har zuwa "za mu ji". Sai ya yi dariya, irin dariyarsa ta da mai fitowa ta hanci. Bai kashe nan take ba, ya yi shiru na ɗan lokaci yana riƙe da wayar, sannan ya katse. Ban taɓa gode wa Allah kamar safiyar nan ba.

Ga inda matsalar take. Yaya ne ke riƙe da shagon yanzu, kuma tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, shi ya hana wurin durƙushewa, shi ke kai Kawu asibiti, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abubuwa sun canza a hannunsa. Mun daina sayar da kayan gyara, don haka duk wanda ya danna biyu, wata waya ce ke ta ringi a ɗakin ajiya ba mai ɗauka. Mun fara gyaran na'urar sanyaya ɗaki, gaisuwar ba ta san da zancen ba. Lokacin buɗewa da tashi ma ya sauya. Sannan tsofaffin kwastomomi idan suka ji muryar sai su ɗauka Kawu ya warke ya dawo, akwai wani dattijo da ya tako har shago da murnarsa yana tambayar ina mutumin nasa, Yaya ya shige ɗakin ajiya ya daɗe bai fito ba. Daga baya ya ce mini duk lokacin da ya buga layin ya ji babansa yana zuba magana garau, sai ya ji kamar an soka masa wani abu a ƙirji. Ya ce a cire ta. Ya yi magana da mai haɗa wayoyi ya zo ƙarshen wata ya sa mana sabon tsari, irin wanda ake rubuta kalmomi a kwamfuta, muryar inji ta karanta. Na tambayi mutumin a gefe, ya ce idan aka ɗora sabuwar gaisuwa a gurbin tsohuwar, tsohuwar ta tafi ke nan.

Ni ma ba a wanke nake ba. Na kasa goge ko ɗaya daga saƙonnin Kawu, har akwatin ya fara cika, wata kwastoma ta ce ta buga an ce mata babu wurin barin saƙo. Kuma mai haɗa wayoyin ya so zuwa tun kafin ƙarshen wata, na riƙa ce masa Yaya ba ya nan alhali yana nan. Yaya ya fara lura da jan ƙafar da nake yi, ya ce mini cikin wasa ni da muryar nan kamar ni na haife ta. Na yi dariyar yaƙe kawai.

Idan na gaya wa Yaya gaskiya, na san shi, da gudu zai tafi gida da albishir, Umma ta rangaɗa guɗa, a taru a kan Kawu ana ya faɗa mu ji, shi ke nan ya rufe bakinsa har abada, kuma ni na tona masa asiri. Idan na gaya wa Kawu, zai san cewa duk tuntuɓen da harshensa ya yi, duk bugun sandar nan, ni 'yar da ya raina na ji su, ban san yadda zai sake kallona ba. Idan kuma na yi shiru, wata yamma zai buga lambar shagonsa ya ji muryar inji ta amsa masa. Wannan yammar nake tsoro, Gwaggo. Mutumin nan ya yi mini komai, ba na so ya kasance ina zaune a teburin da ya ba ni aka ƙwace masa abu ɗaya da ke dawo masa da magana.

Na gode da kika karanta har nan. Ko ba ki amsa ba, rubutawar ma ta rage mini nauyi. Allah ya saka miki da alheri.

'Yar gaban goshin Kawu

* * *

Wa alaikumus salam 'yata. Yawanci wasiƙun da ke zuwa wannan fili na waɗanda aka ɓata wa ne. Taki ta wadda aka kyautata wa ce take neman hanyar ramawa, kuma ta yi mini daɗin karantawa duk da ta sa ni share ido. Allah ya yi miki albarka. Yanzu share naki hawayen mu yi magana, don ƙarshen wata ba nisa.

Zan fara da Yayanki, saboda a wasiƙarki shi ne ya yi kama da mai laifi, alhali ba shi da ko ɗaya. Gaisuwar da ke tura mutane ga wayar da ba mai ɗauka ta daina yi wa shago aiki, kuma Kawun da kika siffanta mini, wanda ya ƙi muryar yanga don tausayin mai ruɓaɓɓen nama, da bakinsa na nan da shi zai fara cewa a gyara. Ciwon da Yaya ke ji idan ya ji muryar shi ma ciwo ne na gaske, ke tana faranta miki ne don kin san abin da bai sani ba. Saboda haka ki daina ce wa mai haɗa wayoyi Yaya ba ya nan. Na san dalilinki mai kyau ne, amma ƙarya ce, kuma ranar da ta fito za ta ɓata tsakaninki da mutumin da kika ce bai taɓa ɗaga miki murya ba.

Sai maganar na'ura. Na tambayi wani da ke wannan sana'a ba tare da na ba shi labarinki ba, kuma abin da ya gaya mini zai rage miki tsoro. Kafin kowa ya taɓa komai, ki sa a kwafo tsohuwar gaisuwar a ajiye ta a kwamfuta da kuma wayarki, ki kunna ki tabbatar ta fito da kunnenki. Idan na'urar ta tsufa har ba a iya ciro ta, ki buga layin ki ɗauka da wata wayar, ko yaya ta fito ya fi babu. Saƙonnin Kawu kuwa ki kwafe su da hannunki, ke kaɗai, sannan ki share su daga akwatin don kwastomomi su sami wuri. Ya kuma ce mini a yawancin irin waɗannan na'urori ba gurbi ɗaya ba ne. Gaisuwa da gurbinta, jerin maɓallai da nasa, sanarwar an tashi da nata, ana iya sauya ɗaya a bar saura. Ana kuma iya ware maɓallin da ba a sanar da kowa ba, misali tara, wanda duk ya danna shi zai ji tsohuwar gaisuwar yadda take, ya kuma faɗa akwati na daban mai lambar sirrinsa. Ban ga na'urarku ba, don haka ki tambayi mutuminku ko taku za ta iya. Idan za ta iya, kwastoma ya sami bayani na gaskiya, Kawu kuma bai rasa malaminsa ba.

Abin da za ki ce wa Yaya ba shi da yawa, kuma babu tonon asiri a ciki. Ki ce masa kin yarda a gyara gaisuwar, amma muryar ta Kawu ce, shagon ma nasa ne, ba ya kyautuwa a cire muryar mutum yana raye ba a tambaye shi ba, ya ba ki 'yan kwanaki ki je ki same shi. Na lura ku biyun duka, shi da ke son cirewa da ke mai son bari, kuna yanke hukunci a kan muryar Kawu kamar ba ya nan. Magana ce ta yi masa nauyi, hankalinsa na nan daram. A gida ana ƙarasa masa kalma, kada a shago ma a ƙarasa masa shawara.

Yanzu ga abin da ya fi komai, kuma daga wasiƙarki na tsinto shi. Kin gina tsoronki duka a kan cewa Kawu bai san na'urar tana ɗaukarsa ba. 'Yata, sake karanta abin da kika rubuta. Wa ya kulle kansa a ɗakin ajiya ya wuni yana ɗauka yana gogewa? Wa ya zauna ya koya miki sauraren saƙonni kowace safiya, ya ce lambar sirrin ke da shi kaɗai? Mutumin da kullum yamma yake jin kansa yana cewa a bar saƙo bayan ƙarar, kina ganin bai san abin da ke faruwa bayan ƙarar ba? Da muryar kawai yake so, da ya saurara ya kashe, ya yi ta maimaitawa a ɗakinsa ba wanda ya ji. Amma jiran ƙarar yake yi, sannan ya fara. Ba zan rantse miki ba, tunda ban shiga zuciyarsa ba, amma ina kyautata zaton tun ranar farko ya san wa ke zaune a wancan ɓangaren da safe. Ya duba gidan duka ya rasa wanda zai saurare shi ba tare da kallon bakinsa ba, ba tare da ƙarasa masa ba, sai ya tuna da akwatin da mutum ɗaya tak ke buɗewa. Ba satar ji kike yi ba, ke ya zaɓa. Shirun da ya yi bayan dariyar nan yana riƙe da waya, ni a kunnena jira ne.

Don haka ki je ki same shi ke kaɗai, lokacin da Umma ke kicin. Kada ki je da kuka, kada ki je da tafi, mutum irin Kawu ya gaji da su duka biyun. Ki je da aikin shago kamar yadda kika saba kai masa a da. Ki gaya masa gaisuwar waya ta tsufa, maɓalli na biyu ba ya kai kowa ko'ina, na'urar sanyaya ɗaki ba ta ciki, Yaya yana so a gyara, shi me ya gani? Ki gaya masa an adana tsohuwar, ki nuna masa maɓallin da za a ware masa idan yana so. Sannan ki tambaye shi ko zai ɗauki sabuwar da kansa. Idan ya yarda, a kai shi shago ranar da ba aiki, a kashe fanka, kowa ya fita waje kamar wancan karon, ya ɗauka ya goge iya son ransa. Idan "barka da kira" kaɗai ya iya bayarwa yadda ta gamsar da shi, a sa ta a gurbin farko, ke ki ɗora sauran da muryarki, tunda shi ya ce bakinki ba ya gajiya. Kwastoman da ya ji ta a hankali da ɗan nauyi zai san gaskiyar halin da ake ciki ba sai an yi masa bayani ba, kuma ina zaton Yaya zai fi iya jin muryar babansa ta yau fiye da ta jiya. Idan kuma ya girgiza kai, kada ki matsa, a sa taki ko ta inji a bar masa maɓallinsa. Ko Umma da Yaya za su san da zancen saƙonnin, da ranar da za su sani, wannan shi zai yanke, ba ke ba.

Idan kuwa hasashena bai yi daidai ba, ya zamana bai sani ba har ransa ya sosu, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ki ce masa saƙonnin suna hannunki ke kaɗai, idan ya ce a goge ki goge a gabansa. Fushin mutumin da ya raine ki ba zai daɗe a kan wannan ba. Abin da zai daɗe shi ne ya buga wata yamma ya tarar an sauya komai ba wanda ya ga ya isa a gaya masa.

Amma kafin zancen maɓalli da gurbi, akwai kalma biyu da ya kamata su fara fita daga bakinki. Shekara da shekaru mutumin nan yana yi wa baƙi alkawari a waya cewa su bar saƙo, za a ji. Watanni ke nan shi ma yana barin nasa. Ki zauna kusa da kujerarsa, ki ce masa, "Kawu, na ji."

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sake masa harshensa, ya sa albarka a shagonku, ya bar ki da Yayanki cikin zumunci. Ki gaishe mini da shi da kyau, kuma idan kin isar da gaisuwar, ki yi shiru ki jira ya amsa da kansa, komai daɗewar da zai yi.

Gwaggonku